Kafin Ka Dasa, Tambayi Asalin Shuka: Nasiha Kan Shuɗiyar Ciyawar Tsaunukan Alps

Ƙannena maza da mata, musamman ku da sha'awar lambu da ƙawata gida ta fara shiga ranku, akwai wata ciyawa da ke yawan fitowa a hotunan gidajen Turai da Amurka. Takan tsaya a dunƙule, ganyenta sirara masu tsini, launinta shuɗi mai ratsin toka, an kewaye gindinta da tsakuwa, kuma da wuya a nuna ta ba a yabe ta da jure fari ba. Masana tsirrai suna kiranta Helictotrichon sempervirens, mu kuwa za mu ce mata shuɗiyar ciyawar ot, domin 'yar'uwa ce ga hatsin ot da ake sayarwa a gwangwani ana dama kunu da shi. Yabon da ake yi mata gaskiya ne, ta cancance shi. Damuwata ita ce yadda wannan yabo ke shiga kunnen matashin da ya tashi a ƙasar da ake yin wata bakwai ko takwas ba a ga ɗigon ruwan sama ba. Da ya ji an ce shuka tana jure fari, sai ya ɗauka an yi ta ne don irin ƙasarsa. A nan kuskuren yake. Fari iri-iri ne, kowace shuka kuma irin farin da ta gada take iya jurewa. Wanda ya san inda shuka ta fito ya riga ya san rabin yadda ake renonta, ya kuma san ko ya dace ya taɓa ta ko ya bar ta. Wannan ita ce nasihata gare ku, kuma da wannan ciyawa zan kafa hujja.

Gidanta na asali shi ne kudu maso yammacin tsaunukan Alps, inda Faransa ta yi iyaka da Italiya. A can take fitowa da kanta a gangaren duwatsu masu kallon rana, cikin ƙasa mai tsakuwa, galibi a kan irin farin dutsen da ake ƙonawa a yi siminti. Wani likita masanin tsirrai ɗan yankin Dauphiné na Faransa, Dominique Villars, shi ya fara siffanta ta a rubuce a ƙarshen ƙarni na 18, ya sa ta cikin jinsin ot, sannan a 1938 Bajamushe Robert Pilger ya mai da ta jinsin da take ciki yau. Ganyenta yakan kai tsawon santimita 60 ko kusa da haka, faɗin dunƙulen ma bai cika wuce haka da yawa ba. Wajen watan Yuni takan fitar da dogayen karare da suka haura mita ɗaya, da zangarniya a samansu, su fara da shuɗi-shuɗi, su bushe su koma ruwan ƙasa mai haske. Ba ta yaɗo ta ƙarƙashin ƙasa ta mamaye maƙwabtanta, inda aka dasa ta nan take zama. Tana iya tsira daga sanyin da ya kai digiri 30 ƙasa da sifiri, kuma inda sanyin bai tsananta ba ganyenta ba ya zubewa duk shekara. Waɗannan halaye ne suka sa Ƙungiyar Masu Lambu ta Masarautar Ingila ta ba ta lambar yabon da take ba shukar da ta tabbata abin dogaro ce a lambun ƙasar.

Ku duba yadda take jure ƙishirwa, domin kowace dabara tata tana nuna wurin da ta fito. Shuɗin nan da ke burge ido wani siririn kaki ne da ya lulluɓe ganyen, in ka murza shi da yatsa za ka ga kore a ƙarƙashi. Kakin yana mai da wani ɓangare na hasken rana baya, yana kuma rage ruwan da ke fita daga ganye. Ganyen kansa siriri ne mai tauri, yakan naɗe ta ciki idan ƙasa ta bushe, ya ɓoye ƙananan ƙofofin da shuka ke numfashi da su, don kada iska ta kwashe danshi. Dunƙulewar da take yi tana inuwantar da gindinta, saiwoyinta masu yawa kuma suna bin tsakanin duwatsu suna neman ɗan abin da ya rage. Dabara mafi girma kuwa ita ce ta lokaci. Takan yi girmanta ne daga Maris zuwa Mayu, lokacin da dusar ƙanƙara ke narkewa, ƙasa da laima, iska da sanyi. Idan rana ta yi ƙarfi a Yuli da Agusta sai ta rage aiki ta jira, sanyin Satumba da Oktoba na shigowa ta sake motsawa. Ke nan farin da ta sani na 'yan makonni ne ko 'yan watanni, a kan tsauni mai busasshiyar iska, inda dare ke yin sanyi ko da rana ta yi zafi, ruwan da ya sauka kuma ba ya kwana a gindinta.

Duk ƙa'idojin renonta daga nan suka fito, kuma waɗanda karatu ko neman abinci ya kai su Ingila, Jamus, Kanada ko arewacin Amurka za su iya aiki da su kai tsaye. A ba ta wurin da rana ke samu aƙalla awa 6 a yini, domin a inuwa shuɗinta yakan dushe, ganyen ya kwanta. A ba ta ƙasar da ruwa ke wucewa da sauri. In ƙasar laka ce mai riƙe ruwa, a gauraya ta da tsakuwa ƙanana, a ɗaga wurin ya yi tudu kafin a dasa. Kada a binne wuyanta, wato mahaɗar ganye da saiwa. A bar shi daidai da fuskar ƙasa ko sama kaɗan, a zuba tsakuwa kewaye da shi maimakon ruɓaɓɓen ganye ko ɓawon itace mai riƙe danshi. A bar tazarar santimita 60 zuwa 75 tsakanin ɗaya da ɗaya don iska ta riƙa ratsawa. Lokacin dashe shi ne farkon sakin sanyi, ko kuma watan Satumba. A shekarar farko dole a riƙa ba ta ruwa, a jiƙa ƙasar sosai sannan a bari ta bushe kafin a ƙara, don saiwa ta koyi bin ruwa zuwa ƙasa. Babu shukar da ke jure fari tun ranar da aka dasa ta. Bayan ta kama, ba ta buƙatar ban ruwa sai rani ya yi tsanani ƙwarai. Taki kuwa ba ta son sa da yawa, domin yakan sa ganyen ya yi laushi ya koma kore. Idan sanyi ya wuce sai a sa safar hannu a taje ta da yatsu a fitar da matattun ganyaye, in kuma sanyi ya ƙone ta ne sai a rage mata tsawo. Bayan shekara 3 ko 4, in tsakiyarta ta fara mutuwa, a tone ta a raba a sake dasa gefunan masu rai.

Abin lura shi ne, a lambu ba ƙishirwa ce ta fi kashe wannan ciyawa ba. Abu biyu ne suka fi ganin bayanta, kuma dukkansu daga yawan ruwa suke zuwa. Na farko ruɓewar wuya, wadda ke samunta idan ruwa ya kwanta a gindinta, musamman lokacin sanyi. Na biyu cutar tsatsa, wata ƙwayar cuta mai fesa wa ganye ɗigo-ɗigo ja-ja, wadda ke bunƙasa idan zafi ya haɗu da iska mai laima. Amurka ta zama wurin gwaji mai kyau saboda faɗinta. A jihar Colorado, inda birnin Denver yake a kan tudu mai tsayin mita 1,600, ruwan sama bai cika kai milimita 400 a shekara ba, iska busasshiya ce, dare da sanyi, wannan ciyawa ta zama ruwan dare a lambuna. A jihohin kudu maso gabas kuwa, inda ruwan sama ya ninka haka sau da yawa, ga zafi ga gumi, takan yi tsatsa ta lalace, shi ya sa masu ba da shawarar lambu ba sa ƙarfafa dasa ta a can. An zaɓo wani nau'inta a Jamus mai suna Saphirsprudel wanda ya fi jure tsatsa, ya kuma taimaka a wuraren da ke tsaka-tsaki, amma bai sauya mata hali ba. Mai lambun da ya ga ta yi yaushi a tsakiyar zafi, tausayi ya kama shi ya ƙara mata ruwa da taki, da hannunsa yake ƙarasa ta.

Yana da kyau ku san dalilin da ya sa Turawa suka koma ga irin waɗannan shuke-shuke, don kada ku ɗauki hoton ku bar hikimar. Shekaru da yawa alamar gidan rufin asiri a Amurka ita ce shimfiɗaɗɗiyar koriyar ciyawa da ake yi wa aski ana fesa mata ruwa. Hukumar kare muhalli ta ƙasar ta ƙiyasta cewa kusan kashi 30 cikin ɗari na ruwan da gidaje ke amfani da shi a waje yake tafiya, a yankuna masu fari kuwa ya fi haka nesa. A 1981 hukumar ruwan Denver ta fara yaɗa tsarin lambu mai tattalin ruwa, wanda ginshiƙansa suka haɗa da gyara ƙasa, rufe fuskarta, rage filin koriyar ciyawa, da tara shuke-shuke masu buƙata iri ɗaya wuri guda. A watan Afrilun 2015, ana tsakiyar fari, gwamnan Kalifoniya Jerry Brown ya ba da umarnin rage ruwan birane da kashi 25 cikin ɗari. A 2021 jihar Nevada ta yi dokar hana shayar da ciyawar ado marar amfani da ruwan kogin Colorado a yankin Las Vegas, ban da ta gidajen zama na iyali. A Ingila kuma marigayiya Beth Chatto ta mai da tsohon wurin ajiye motoci a lambunta na Essex ya zama lambun tsakuwa a farkon shekarun 1990, ta ƙudurta ba za a riƙa shayar da shi ba, ya kuwa rayu ya yi suna a duniya. Ba shuka ɗaya ce sirrinta ba. Ta nemo waɗanda asalinsu ya dace da ƙasarta mai tsakuwa da ruwanta kaɗan, ta bar waɗanda ba su dace ba komai kyansu.

Lambun nan na Essex yana da wani darasi da ya shafe mu kai tsaye. Ruwan saman da ke sauka a wannan yanki wajen milimita 500 ne zuwa 600 a shekara, Kano kuwa takan sami 800 ko fiye. A lissafin shekara Kano ta fi shi ruwa, amma babu mai hankalin da zai ce ta fi shi laima. Na Essex yana sauka ne kaɗan-kaɗan a duk watanni goma sha biyu, ƙarƙashin rana mai sauƙi. Namu kusan dukkansa tsakanin Yuni da Satumba yake zuba, da ƙarfi, sannan a shiga dogon rani, a rufe da bazarar da zafinta ke haura digiri 40 a Afrilu da Mayu. Yanzu ku ɗora shuɗiyar ciyawar ot a kan wannan kalanda. Dangin alkama ce da sha'ir, ciyayin da suka fi jin daɗi tsakanin digiri 15 zuwa 25. Manoman Kadawa sun san abin da wannan ke nufi. Alkama a Nuwamba ko Disamba ake shuka ta, ta sha sanyin hunturu da ban ruwa, a girbe ta kafin zafi ya kankama, wanda ya makara kuwa ya yi asara. Gero da dawa suna da wata hanya ta daban ta sarrafa iska da hasken rana wadda ke ba su damar ci gaba da aiki cikin zafi da ruwa kaɗan, dangin alkama kuwa zafi yakan sa su ƙone abincin da suka tara fiye da abin da suke samarwa, musamman in dare ma bai huce ba. Alkama tana tsira ne domin a wata huɗu take gama rayuwarta. Ita wannan ciyawa shekaru ake so ta yi a wuri ɗaya, ke nan sai ta haye bazara, ta faɗa cikin laimar Agusta da tsatsarta tana a galabaice. Shawarata ga mazaunin Kano, Sakkwato, Katsina, Maiduguri, Maraɗi ko Damagaram a fili take, kada ya kashe kuɗinsa a kanta.

Wani zai ce ai mafi yawan abin da muke shukawa baƙo ne. Mangwaro da dogon yaro daga nahiyar Asiya suka zo, tumatir da masara da rogo daga nahiyar Amurka, da kakanninmu sun ji tsoron baƙon iri da ba mu san su ba. Wannan magana tana da ƙarfi, kuma ba baƙunta nake ƙi ba. Amma ku dubi waɗanda suka zauna suka zama 'yan gida. Dogon yaro ya fito ne daga yankunan ƙasashen Indiya da Bama masu dogon rani da gajeriyar damina mai zafi, ya tarar da irin abin da ya saba, ya bazu daga Borno har Sakkwato ba tare da an bi shi da bokiti ba. Hujjar da aka kawo ashe tana goyon bayan ƙa'idar ne, domin baƙon da ya yi nasara shi ne wanda yanayin gidansu ya yi kama da namu. Wani kuma zai ce da rijiyar burtsatse da rumfar inuwa ana iya raya komai. Ana iya jinkirta mutuwarta, gaskiya ne. Sai dai inuwa tana kashe shuɗin da aka saye ta dominsa, yawan ruwa cikin zafi yana ruɓar da wuyanta, kuma shukar da aka kawo da sunan tattalin ruwa in ta koma shan ruwa kullum, dalilin kawo ta ya rushe. Wanda ke Jos ko tsaunin Mambila yana da ɗan uzuri, tunda tudun ya rage musu zafi. Amma daminarsu doguwa ce mai yawan ruwa da hazo, irin yanayin da tsatsa ke so. In ɗalibin aikin gona a can yana son gwadawa, ya gwada kaɗan a tukunya mai tsakuwa, ya rubuta abin da ya gani wata-wata, ya kira abin da sunansa na gwaji, kada ya sayar wa mutane da alƙawari.

Akwai wani ƙorafi da ya fi waɗannan nauyi, kuma ina girmama masu yin sa. Sukan ce a ƙasar da mata da yara ke bin 'yan garuwa da jarka, kuma abinci ke tsada, zancen ciyawar ado zancen masu ƙoshi ne. Amsata ita ce, lambun ado ya riga ya shigo, ba jiran izininmu yake ba. Ku bi sababbin unguwannin Abuja, Kano da Kaduna, ku dubi otal-otal, makarantu, gidajen mai da shataletale, za ku ga koriyar ciyawa ana fesa mata ruwan burtsatse a tsakiyar rani, daga ƙarƙashin ƙasa ɗaya da maƙwabta ke haƙa rijiyoyinsu. Tunda za a yi ado ko mun so ko mun ƙi, abin da ya rage shi ne wane iri za a yi, kuma wa zai tsara shi. Matashin da ya iya tsara farfajiyar da ke kyau ba tare da ta sha ruwan unguwa ba ya yi wa talaka aiki, ya kuma sami sana'a mai ci. Ƙasar da aka rufe da shuka da tsakuwa tana rage ƙura, tana rage zafin da siminti ke mayarwa cikin ɗaki, tana barin ruwan sama ya shiga ƙasa maimakon ya malale a titi. Addini ma ya hana almubazzaranci da ruwa ko a wajen alwala, balle a wajen ƙawa. Sannan ilimin duka ɗaya ne. Wanda ya koyi karanta ƙasa, lokacin girma da zurfin saiwa a kan ciyawar ado, da shi zai zaɓi irin gero ko itacen da ya dace da gonar mahaifinsa.

To me za a dasa? A nan nake so ku ɗaga ido ku dubi dajinku da irin kallon da Villars ya yi wa tsaunin garinsu. Ita ma shuɗiyar ciyawar ot ciyawar daji ce da dabbobi ke takawa, sai da aka sami masu lura suka kawo ta gari. Bajamushe Karl Foerster, wanda ya rasu a 1970, ya shafe rayuwarsa a gandun renon tsirrai kusa da Potsdam yana gwada ciyayi yana zaɓen nagari, har ya shawo kan mutanen ƙasarsa cewa ciyawa ma abin ado ce. Mu ma muna da abin zaɓa. Akwai gamba da ake saƙa zana da ita, mai dunƙulewa, mai daɗewa shekaru, wadda saiwarta ke haye rani ta tofo da ruwan farko. Akwai jema mai ƙamshin saiwa, mai riƙe ƙasa kada ruwa ya zaizaye ta, wadda ta dace da inda ruwan indararo ke taruwa. Akwai kyasuwa mai laushin kai, ko da yake ita shekara ɗaya take yi. Akwai kuma kariya, mai kumburarren gindi da jan fure a tsakiyar rani, wadda masu lambu a Tailan da Taiwan suka ɗauka suka fitar da launuka iri-iri suna sayar wa duniya, alhali a ƙasashenmu na Sahel take fitowa da kanta. Za a ce ciyawa a gida tana jawo maciji da gobara. Wannan tsoro yana da tushe, kuma maganinsa tsari ne. A dasa dunƙule-dunƙule da tazara, tsakuwa ko shararriyar ƙasa a tsakani, nesa da bango da madafa, a yanke busasshen kai da zarar kaka ta wuce, tunda gamba tana iya fin mutum tsawo. Kariya kuma ruwan jikinta guba ne, a nisanta ta da wurin wasan yara da turken dabbobi.

Ƙa'idar tana da ɗaya fuskar da bai kamata ku manta ba. Shukar da aka kai inda bai dace da ita ba takan mutu, asarar ta tsaya a aljihun mai ita. Wadda aka kai inda ya dace da ita fiye da kima, ba tare da ƙwari da dabbobin da ke taka mata burki a gida ba, tana iya zama annoba ga ƙasa guda. Gambar nan tamu an kai ta arewacin Ostareliya a shekarun 1930 don kiwon shanu, ta tsere daga gonaki ta mamaye daji, tana tara busasshen kara mai yawa har gobarar daji ta riƙa cin manyan itatuwa, a 2012 aka sa ta cikin jerin miyagun ciyayi na ƙasa baki ɗaya. Wata ciyawar ado 'yar Afirka mai jan gashi, Pennisetum setaceum, ta yi irin wannan ɓarna a Hawaii da Arizona, Tarayyar Turai kuma ta hana cinikinta a 2017. Don haka ɗauko iri a aljihu daga wata ƙasa, ko yin odarsa ta intanet ba tare da bin hukumar da ke tantance tsirrai ba, ganganci ne ko da niyya mai kyau ce. Sanin asalin shuka yana kare kuɗinka, yana kuma kare ƙasar da za ka bar wa na baya.

Saboda haka, ƙannena, duk shukar da ta burge ku, ku yi mata tambayoyi kafin ku sa hannu a aljihu. Daga ina ta fito, tudu ko kwari? A wane wata ruwa ke sauka a can, kuma a wane wata take girma? Darenta na zafi ne ko na sanyi? Ƙasarta jigawa ce, tsakuwa ko fadama? Me ya fi kashe ta, ƙishirwa ko laima? In amsoshin sun yi daidai da inda kuke, ku dasa da ƙarfin zuciya, ku yi haƙurin shekarar farko. In kuna Manchester, Berlin ko Toronto, shuɗiyar ciyawar ot tana cikin mafi sauƙi da kyan abin da za ku sa a ƙofar gida, kuma za ta saka muku da shekaru na ado kusan ba tare da ban ruwa ba. In kuna gida, ku bar ta ga masu ita, ku ɗauki hanyar da aka bi aka gano ta. Ku fita bayan gari a watan Maris ku ga abin da ke tsaye da ransa, ku tambayi makiyaya da masu saƙar zana da tsofaffin manoma sunansa da halinsa, ku raba gindi ɗaya ku gwada a tukunya da ƙasa, ku ajiye rubutu, ku zaɓi wanda ya fi kyau ku yawaita shi. Aiki ne mai cin shekaru, kuma ku ne ke da shekarun. Allah ya sa albarka a hannuwanku da abin da za ku dasa.